Mai ilimin kilasik a dandamalin rok da pop: fashin baƙi kan sana'ar Rick Wakeman

A watan Yunin 1969 aka kira wani saurayi ɗan shekara 20 zuwa situdiyon Trident da ke Landan, domin ya kaɗa wata na'ura mai wuyar sha'ani da ake kira Mellotron a waƙar David Bowie mai suna "Space Oddity". Fam 9 aka biya shi. Sunansa Rick Wakeman. A shekarar ce kuma ya bar Royal College of Music, ɗaya daga cikin manyan makarantun kiɗa na Ingila, inda ya shiga a 1968 da niyyar zama makaɗin kilasik, wato rubutaccen kiɗan Turai irin na su Bach da Mozart da Brahms. Aikin situdiyo ya yi masa yawa har yana cin lokacin darasi, sai ya zaɓi situdiyon.

Kusan duk abin da ke samun mai ilimin kilasik idan ya shigo rok da pop ya sami Wakeman: saurin samun aiki, fama da na'urori, aikin da aka yi ba a sa sunansa ba, ɗaukaka, da asarar kuɗi mai yawa. Mutane kan ɗauka cewa wanda ya iya kaɗa Brahms, waƙar da ba ta wuce kod huɗu ba (kod shi ne sautukan da ake dannawa tare) wasan yara ce a wurinsa. Wannan zaton ya kayar da masu takardar shaida da dama. Makaranta tana gyara yatsu, tana koyar da karatu. Zama da sauran makaɗa, da sanin halin na'ura, da karanta yarjejeniya kafin a sa hannu, waɗannan a bakin aiki ake koyonsu, kuma su ke sa a sake kiran mutum ko a manta da shi.

Sai an fara gyara wata kalma. A wurinmu fiyano ya haɗe komai, duk abin da ke da maɓallai farare da baƙaƙe, har da Yamaha ɗin da ake haɗa kiɗan waƙoƙin fim da shi a situdiyoyin Kano. A nan dole a rarrabe. Fiyano na ainihi akwatin katako ne mai maɓalli 88, farare 52 da baƙaƙe 36, kowane maɓalli yana tura 'yar guduma ta bugi tsirkiyar ƙarfe. Ƙarfin dannawa shi ke kawo ƙarfin sauti. Ɗan makaranta yakan shafe shekara goma ko fiye yana horar da hannunsa a kan wannan ƙa'ida guda. Wakeman tun yana ɗan shekara 7 ya fara.

Abin da horon ke bayarwa ba kaɗan ba ne. Akwai karanta rubutaccen kiɗa nan take, ba tare da an taɓa jinsa ba. Akwai raba hannu biyu, kowanne da aikinsa. Akwai sanin kod, wato sauti uku ko huɗu da ake dannawa tare, da sanin yadda ake ɗauke waƙa daga wani ki a kai ta wani, ki kuwa shi ne gidan sautin da waƙa ke zaune a kai. A Landan ta wancan zamani zaman ɗaukar waƙa awa uku ne, kuɗin situdiyo kuma da awa ake lissafa shi. Makaɗin hayar da zai kalli takarda sau ɗaya ya kaɗa daidai ya fi wa furodusa arha a kan wanda sai an rera masa sau goma. Abin da ya ciyar da Nicky Hopkins ke nan, wanda ya yi karatu a Royal Academy of Music, ya kuma kaɗa wa Rolling Stones da Beatles da John Lennon. Rashin lafiyar hanji ta takura masa wajen yawon wasa, don haka situdiyo ta zama gonarsa har ya rasu a 1994.

Matsala tana farawa daga bugu. A kilasik an yarda makaɗi ya ja lokaci ya sake shi, ya ɗan jinkirta a ƙarshen jimla, ya ɗan gaggauta idan kiɗa ya ɗau zafi. Malamai ma koyar da hakan suke yi, domin shi ne numfashin kiɗan. A rok mai ganga ne agogo. Yawancin waƙoƙi huɗu-huɗu ake ƙirga bugunsu, ƙaramar gangar nan mai kaifin murya tana sauka a kan na biyu da na huɗu, shi kuwa ɗan makaranta ya saba jingina nauyinsa a kan na ɗaya da na uku. Sai ka ji kamar mutum biyu ne suka ɗauko gado ɗaya, kowa da takunsa. Gyaran ba ya bukatar kayan tsada. A saita na'urar ƙirga bugu a kan 50, a ɗauki kowane ƙas nata a matsayin bugu na biyu da na huɗu, ka ga waƙar tana tafiya a kan bugu 100 a minti ke nan. A kaɗa kod biyu kacal na tsawon minti goma, a ɗauki sautin, a zauna a saurara. Galibi abin da za a ji shi ne makaɗin yana riga bugu, musamman inda yatsu suka sami filin gudu.

Sai hannun hagu, wanda ya fi komai haddasa saɓani tsakanin makaɗin fiyano da mai jitar bes. Sauti mafi ƙasa a fiyano yana kaɗawa sau 27.5 a daƙiƙa, mafi sama kusan sau 4,186. Bes mai tsirkiya huɗu tana farawa daga 41, jita ta yau da kullum daga 82. Ma'ana fiyano shi kaɗai ya mamaye filin kowa. Idan mutum yana kaɗawa shi kaɗai a zaure, wannan ni'ima ce, domin hannun hagunsa shi ne bes ɗinsa. A cikin ƙungiya kuwa, da zarar hannun hagu ya sauka ƙasa ya danna sautin da bes ke riƙe da shi, ko wanda ke kusa da shi, sai kiɗan ya dagule kamar ruwan kududdufi, injiniya ya rasa wanda zai rage. Masu aikin sun saba da wata iyaka: kada hannun hagu ya cika sauka ƙasa da C ɗin da ke ƙarƙashin C ta tsakiyar fiyano, wato sautin da ke kaɗawa wajen sau 131 a daƙiƙa. Tushen kod a bar wa mai bes. Makaɗin fiyano ya riƙe sauti na uku da na bakwai, domin su ke bayyana launin kod ɗin, sau da yawa ma yatsu biyu ko uku sun wadatar. Fedar dama, wadda ke barin tsirkiyoyi su ci gaba da amo bayan an ɗaga yatsa, ita ma a rage taka ta, domin jita da faifan ƙarfen mai ganga sun riga sun cika iskar da amo. Duk wanda ya taɓa lura da gwanin kalangu ya san abin: idan mawaƙi zai jefa magana sai kiɗa ya sassauta, idan ya ja numfashi sai kalangu ya amsa.

Jon Lord na ƙungiyar Deep Purple, wanda shi ma tun yana yaro ya fara darasin kilasik, ya warware wani ɓangare na wannan matsala ta hanyarsa. Ya haɗa ogan ɗinsa na Hammond, wata na'urar kiɗa ta lantarki mai maɓallai, da amfilifayar Marshall, irin ta masu jita, don ya sami sauti mai gurnani. Amfilifayar da aka matsa har ta fara gurnani ba ta son kod mai cika, domin sautukan suna cakuɗa su haifi wasu sautuka da ba a danna ba. Shi ya sa a irin wannan kiɗa ake yawan jefar da sauti na uku, a bar tushe da na biyar kawai. A ajin jituwar sauti malami zai ja wa ɗalibi jan biro idan ya jera irin waɗannan a jere. A gefen mai jita kamar Ritchie Blackmore kuwa su ne daidai.

Akwai kuma dogaro da takarda. A yawancin zaman pop ba rubutaccen kiɗa za a miƙo ba, 'yar takarda ce mai sunayen kod, wani lokaci ma lambobi ne kawai, 1 da 4 da 5 da 6, kamar yadda makaɗan Nashville ke rubutawa. Mawaƙiya ta ce waƙar ta yi mata sama, a sauke ta, kuma babu wanda zai jira a sake rubutu. Wanda bai saba kaɗa jerin kod ɗaya a dukkan ki 12 ba, a nan asirinsa ke tonuwa, ko da kuwa ya haddace sonata talatin.

Na'urorin su ne suka fi cin lokaci, kuma a nan Wakeman ya yi wa tsararrakinsa nisa. Mellotron, wadda ake ƙerawa a Birmingham tun 1963, tef ne a cikinta. Samfurin M400 na 1970 yana da maɓalli 35, ƙarƙashin kowanne akwai zaren tef da aka ɗauki sautin goge ko sarewa ko muryoyin mawaƙa a kai. Ka danna, tef ya tafi na kusan daƙiƙa 8, ya ƙare, sauti ya ɗauke. Sai ka ɗaga yatsa kafin sifirin ya mayar da shi farko. Don haka ba a riƙe kod a zauna. Ana ɗaga yatsa ɗaya a sauya sauti yayin da sauran ke riƙe, sannan a ɗaga na gaba, hannu yana rarrafe a hankali yadda mai sauraro ba zai ji giɓi ba. Ga kuma motar da ke jan tef ɗin: mota ɗaya ce ga dukkan maɓallan, idan aka danna da yawa sai ta ji nauyi ta rage gudu, sautin ya sauka, na'urar ta saɓa da sauran kayan kiɗa. Mai ilimin jituwar sauti ya san waɗanne sautuka biyu ko uku za su wakilci kod mai sauti shida, wannan ilimin ne ya zama maganin raunin motar. Zafi da laima da hayaƙin dandamali kuma suna sa tef ya manne ko ya tsinke.

Ogan na Hammond, samfurin B-3 ko C-3, wani hali gare shi daban. Jeri biyu ne na maɓalli 61, kuma ko ka shafa ko ka doka, ƙarfin sautin ɗaya ne. Shekara goman da aka yi ana horar da nauyin yatsa ba ta da aiki a nan. Ƙarfi yana ƙafar dama, a kan feda. Launin sauti kuma yana wurin wasu sanduna tara da ake ja, kowanne daga 0 zuwa 8, masu ƙara sautuka na sama da na ƙasa a kan wanda aka danna. Saitin da aka fi sani a rok da jaz shi ne a jawo ukun farko gaba ɗaya a bar sauran, ana rubuta shi 888000000. Akwai wani ɗan ƙas da ogan ɗin ke iya sawa a farkon sauti, amma ba ya sake fitowa sai an ɗaga dukkan yatsu. Ɗan makaranta da aka koya wa haɗa sauti da sauti ba giɓi zai ji ƙas ɗin sau ɗaya a farkon jimla, ya rasa inda sauran suka tafi. A cikin akwatin akwai ƙananan faya-fayen ƙarfe 91 da mota ke juyawa, motar kuma da bugun wutar lantarki take tafiya, wanda yake 50 a Turai, 60 a Amurka. Ogan ɗin Amurka idan aka jona shi a Ingila ba tare da an sauya masa kaya ba, sautinsa zai sauka ƙasa sosai. A wasan fili, idan janareta ya yi tangal-tangal, ogan ma zai yi. Yana son mai sau ɗaya a shekara, nauyinsa da kayansa ya kusa kilo 190, ban da lasifikarsa ta Leslie mai ƙaho da ke juyawa a ciki, a hankali ko da gudun kusan zagaye 400 a minti. Sanin lokacin da za a sauya daga juyi a hankali zuwa mai sauri, yawanci dab da shiga amshi, rabin iya ogan ne.

Minimoog, na'urar ƙera sauti da ta fito a 1970, tana da maɓalli 44, amma sauti ɗaya tak take fitarwa a lokaci guda. Idan ka danna biyu, na ƙasa take ɗauka. Wakeman yakan ba da labarin cewa ta farkon da ya mallaka a hannun wani ɗan wasan kwaikwayo ya saye ta da araha, domin mai ita ya ɗauka ta lalace ne da ya ji ba ta yin kod. Da ita ake tunani irin na mai algaita, layi ɗaya, hannun dama a kan maɓallai, na hagu a kan 'yar tayar da ke lanƙwasa sauti sama ko ƙasa. Ba ta ajiye saiti. Duk sautin da aka ƙera da murɗe-murɗen maɓallan juyawa, idan aka sauya ya tafi, sai dai a zana matsayinsu a takarda. Dalilin da ya sa ake ganin Wakeman kewaye da na'urori hawa-hawa ke nan, har da Minimoog fiye da ɗaya: kowacce an saita ta a kan sauti guda, domin ba lokacin murɗawa a tsakiyar waƙa. Zafi kuma yana karkatar da sautinta, don haka ake kunna ta kamar rabin awa kafin wasa, a daidaita, a sake daidaitawa bayan fitilun dandamali sun ɗumama wurin.

Wannan sanin ne ya kai shi ƙungiyar Yes a 1971, bayan shekara guda da 'yan watanni a ƙungiyar Strawbs. Wanda ya gada, Tony Kaye, gwani ne a Hammond da fiyano, amma bai so ya koma kan Mellotron da Moog ba, ƙungiyar kuma can ta nufa. A daidai lokacin Bowie ma ya nemi Wakeman ya shiga tawagarsa, bayan ya kaɗa masa fiyano a faifan Hunky Dory. Ya zaɓi Yes a kan albashin fam 50 a mako, inda yake memba mai faɗa a ji maimakon mai rakiya. Aikin da ya fi amfani a can ba gudun yatsu ba ne, ko da yake shi 'yan kallo suka fi tafa wa. 'Yan ƙungiyar kan zo da gutsattsarin kiɗa, wannan a wani ki, wancan a wani taku, wani ya zauna ya ɗinke su su zama waƙar minti goma ko goma sha takwas, ya san inda za a dawo da karin farko a sabuwar kama. Wannan darasin aji ne tsantsa. A faifan Close to the Edge na 1972 har cocin St Giles da ke Cripplegate a Landan aka je don ɗaukar sautin babban ogan mai bututu. A 1977 kuma, suna aiki a Montreux ta ƙasar Suwizalan, ya kaɗa ogan ɗin cocin St Martin da ke Vevey, sautin yana bin layin tarho zuwa situdiyo.

Batun kuɗi shi ne wanda ya kamata kowane matashin makaɗi ya tsaya a kansa, domin a nan aka fi cutuwa. Waƙa tana da haƙƙi iri biyu: na wanda ya ƙirƙiri kari da baituka, da na sautin da aka ɗauka. Makaɗin haya aikin jinga yake yi, a biya shi na ranar, shi ke nan. Marubucin waƙa kuwa duk lokacin da aka sa ta a rediyo ko aka sayi faifai, rabonsa na shigowa, har magadansa su ci. Matsalar ita ce abin da makaɗin fiyano ke ƙirƙira a zaman, kamar buɗewar waƙa ko gadar tsakiya, bisa al'ada ado ake ɗaukarsa, ba rubutu ba. A 1971 Wakeman ya kaɗa fiyano a "Morning Has Broken" ta Cat Stevens, wanda daga baya ya musulunta ya zama Yusuf Islam. Waƙar asalinta gajeriyar waƙar coci ce, fiyanon ne ya ba ta buɗewa da gada da rufewa, shi ne kuma abin da kunne ke fara ganewa. Fam 10 aka yi jinga, ba a sa sunansa a faifan ba, kuɗin ma bai iso ba sai bayan shekaru masu yawa, lokacin da Yusuf Islam ya biya shi ya kuma ba shi haƙuri, yana mai cewa ruɗani ne daga kamfanin faifai.

Shari'ar Matthew Fisher ta nuna iyakar abin. Shi ya kaɗa ogan mai ƙamshin Bach a "A Whiter Shade of Pale" ta ƙungiyar Procol Harum a 1967, ba a kuma lissafa shi cikin marubuta ba. Sai a 2005 ya kai ƙara. A Disambar 2006 babbar kotu ta ba shi kashi 40 cikin 100 na haƙƙin kiɗan, kotun ɗaukaka ƙara ta hana shi kuɗin a 2008 saboda jinkirinsa, sannan a Yulin 2009 alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya, waɗanda su ne kotun ƙoli a lokacin, suka mayar masa. Amma daga 2005 lissafin ya fara. Kuɗin shekara 38, waɗanda su ne shekarun da waƙar ta fi kawo riba, sun wuce. A ganina duk makaɗin da ya ƙirƙiri layin da ake gane waƙa da shi, ya yi maganar kaso a ranar, kafin a tashi daga situdiyo, a rubuta sunaye da kason kowa a takarda ɗaya, kowa ya sa hannu. Bayan waƙa ta yi kasuwa maganar takan koma hannun lauyoyi.

Yarjejeniya tana iya ɗaure mutum ta wata fuskar. Lokacin da Yes ke haɗa faifan Fragile, an ba kowane memba fili ya sa kiɗansa. Wakeman yana da kwantiragi da kamfanin A&M, Yes kuma tana Atlantic, don haka ba shi da damar sa abin da ya rubuta da kansa. Sai ya ɗauko kashi na uku na simfoni ta huɗu ta Brahms ya kaɗa da na'urorinsa. Brahms ya rasu tun 1897, kiɗansa ya zama na kowa. Ba kowane tsohon kiɗa ne haka ba. Ƙungiyar Keith Emerson, wani gwanin kibod na rok, ta ɗauki wani kiɗan Bartók a faifanta na farko a 1970 ba tare da sa sunansa ba, sai da matarsa ta yi magana aka gyara. Eric Carmen ya gina "All by Myself" a kan karin Rachmaninoff a 1975, ya ƙare yana ba magadansa kaso. A yau a Birtaniya da Tarayyar Turai sai marubuci ya shekara 70 da rasuwa kafin kiɗansa ya fita daga haƙƙin mallaka.

Sai kuma jarabar da ta fi kama masu ilimin kilasik idan suna ya fito: okestira, wato babbar tawagar makaɗan kilasik. Jon Lord ya yi nasa wasan da okestira a zauren Royal Albert a Satumbar 1969. Wakeman ya ɗauki faifansa Journey to the Centre of the Earth kai tsaye a gaban jama'a, a zauren Royal Festival ranar 18 ga Janairun 1974, tare da okestirar London Symphony da tawagar mawaƙa, domin kuɗin tara wannan taron a situdiyo ya fi ƙarfin kasafin. Faifan ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya a watan Mayu, watan da ya bar Yes karo na farko. A shekarar kuma bugun zuciya ya kwantar da shi yana da shekara 25. A 1975 ya kai wasan faifansa na labarin Sarki Arthur zauren Empire Pool da ke Wembley, dare uku, a kan ƙanƙara, domin an riga an daskarar da filin saboda wani wasan. Tikiti ya ƙare kaf, duk da haka aka tashi da asara. Lissafin a bayyane yake. Ƙungiyar rok mutum biyar ce, okestira da mawaƙa kan kai ɗari, kowa ana biyansa har na gwaji, ga masauki da sufuri, kujerun zaure kuma ba sa ƙaruwa. Ga wahalar sautin kanta: makirfon da aka sa wa masu goge yana kwasar ƙarar ganguna fiye da gogen, sauti kuma mita 343 yake ci a daƙiƙa, don haka wanda ke zaune mita 10 daga mai ganga yana jin bugu a makare da kusan kashi 30 cikin 1,000 na daƙiƙa, abin da ya isa ya raba kan kiɗa. Takardun kiɗan Journey ma daga baya sun ɓace shekaru da yawa, sai da aka gano su kafin a iya sake ɗaukar aikin a 2012.

Daga 1976 kiɗan punk na matasa masu kod uku da fushi ya mayar da doguwar waƙa abin zolaya a jaridun Ingila, ko da yake faifan Yes na 1977 ya hau matsayi na ɗaya duk da haka. Abin da ya fi sauya sana'ar na'ura ce. Prophet-5 ta 1978 tana yin sauti biyar a tare, tana ajiye saiti 40. A 1983 Yamaha DX7 ta fito, MIDI ma ya fito, wato yaren da na'urori ke magana da juna ta waya ɗaya mai layi 16. Tulin kaya ya koma biyu ko uku, kwamfuta kuma ta fara kaɗa abin da a da sai gwani. Wakeman ya zuba kuɗi a wata na'ura mai suna Birotron da aka so ta gaji Mellotron, zamani ya wuce ta kafin ta shiga kasuwa sosai. Ya rayu ne da rarraba ƙafa: kiɗan fim, faifan fiyano mai sanyi, shirye-shiryen talabijin da rediyo, komawa Yes lokaci-lokaci. A 2017 faifansa na fiyano zalla ya shiga goman farko a Birtaniya, a shekarar kuma aka shigar da Yes zauren karramawa na rok a Amurka. Wasu sun bi wata hanyar. Bernie Worrell, wanda ya gama New England Conservatory a Boston, ya mayar da Minimoog bes a ƙungiyar Parliament, ya karɓe aikin da a da hannun hagunsa ke yi wa shisshigi.

Yau kayan aikin kwamfutar tafi-da-gidanka ce da kibod ɗaya ko biyu, matsalolin kuma sun sauya kama. Jinkiri tsakanin danna maɓalli da fitar sauti idan ya kai kashi 10 cikin 1,000 na daƙiƙa, yatsu suna fara ji. A manhajar akwai wurin saita girman ma'ajiyar sauti: 128 yana ba da ƙasa da kashi 3, 512 yana kaiwa kusan 11, amma idan aka matse shi fiye da ƙarfin kwamfutar sai sauti ya riƙa tsattsagewa. Sautin fiyano da aka ɗauka don lasifika biyu, idan aka haɗe shi a layi ɗaya yakan zama holoƙo, don haka a tanadi saiti na layi ɗaya tun daga gida. Gunjin da ke shiga layi idan kwamfuta da mahaɗar sauti suna kan soket daban-daban, akwatin DI mai maɓallin yanke waya ta ƙasa ke kashe shi. Kibod ɗin kuma ya kasance yana da sautin fiyano da ogan na kansa a layi na dabam, saboda ranar da kwamfuta za ta tsaya a tsakiyar waƙa.

Jiki ma yana da nasa lissafin. A dandamali mai ƙara, makaɗin da ba ya jin kansa yakan fara dukan maɓallai da ƙarfi, alhali kibod na lantarki daga 127, wato ƙarshen ma'aunin ƙarfin dannawa a MIDI, ba ya ƙara komai, ƙarfin da ya wuce nan a wuyan hannu da gwiwar hannu yake ƙarewa. Keith Emerson ya yi fama da ciwon jijiya a hannun dama tun farkon shekarun 1990, har aka yi masa tiyata. Ma'aunin masu kula da lafiyar ma'aikata a Amurka shi ne ƙarar da ta kai desibel 85 (ma'aunin ƙarfin sauti) na awa takwas, kowane ƙarin 3 kuma yana raba lokacin biyu, ka ga a desibel 100 minti 15 ne kacal, dandamalin rok kuwa yakan kai haka. Don haka tun a gwajin sauti, kafin jama'a su shigo, makaɗi ya nemi a ƙara masa kibod ɗinsa da gangar mai bugu na biyu da na huɗu a abin sauraronsa na kunne, a rage masa jita, ya kuma tsaya sai ya ji kansa sarai yana dannawa a hankali kafin ya ce wa injiniya ya isa.